Safiyar Asabar ta Wa? Sharhi kan kewar ƙuruciyar da ta gabaci intanet

Gabatarwa

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a shafukan sada zumunta, yana sauya riga amma ba ya sauya kama. Yaro ne ya farka da sassafe ranar Asabar, iyayensa na barci, ya fito falo da kayan barcinsa, ya zuba ƙanzon hatsi mai sukari a kwano, ya kwarara masa madara, ya zauna dirshan gaban akwatin talabijin yana kallon zane mai motsi har rana ta take. A ƙarƙashin hoton akan rubuta cewa wannan ita ce ƙuruciya ta gaskiya, wadda intanet ta zo ta kashe. Daga Amurka hoton ya fito, amma ya ƙetare teku, ya shiga Faransanci, har ya iso wayoyin salula a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda akan sami masu tura shi gaba da ajiyar zuciya, kamar dai tasu ƙuruciyar aka zana.

Kewa ba laifi ba ce, kuma wanda ba ya tuna jiya da wuya ya san darajar yau. Sai dai kuma kewar da ta zama haja, ana sayar da ita a fina-finai da littattafai da shirye-shiryen talabijin, ta cancanci a ɗora ta bisa sikeli kamar kowace haja. Tambayoyi uku ne ke gaban wannan sharhi: mene ne ainihin abin da aka rasa, wane ne ya kawo ƙarshensa, kuma ƙuruciyar wa ake yi wa makoki? Abin da tarihin al'amarin ke nunawa shi ne, ba zane mai motsi ake kewa ba, lokaci ne ƙayyadadde da yara ke jira tare su kuma more tare. Ba intanet ce ta fara rushe shi ba. Kuma ga Bahaushen Nijar, safiyar Asabar ɗin nan rigar aro ce da ke rufe masa tasa ƙuruciyar.

Wa ya ƙera safiyar Asabar?

Masu kewa sukan yi maganar wannan safiya kamar wata baiwa da ta sauko daga sama. Alhali kuwa ƴan kasuwa ne suka ƙera ta, kuma an san lokacin da suka yi hakan. A shekarun 1960 manyan tashoshi uku ne ke riƙe da talabijin a Amurka: ABC da CBS da NBC. Safiyar Asabar lokaci ne da manya ba su cika kallo ba, yara kuma ba su zuwa makaranta, saboda haka tashoshin suka ga damar tara yara wuri guda su sayar wa kamfanoni idanunsu. A shekarar 1966 Fred Silverman, wanda ke kula da shirye-shiryen rana na CBS, ya cika safiyar da jerin zanen jarumai masu ƙarfin ban mamaki, sauran tashoshin suka bi sahu. Kamfanin Hanna-Barbera ya zama babbar maƙera ta wannan sana'a, da dabarar rage yawan zanen da ake buƙata a kowace daƙiƙa, ta yadda baki kaɗai ke motsi jiki na tsaye, bango ɗaya kuma ya yi ta maimaituwa a bayan mai gudu. A ranar 13 ga Satumba 1969 aka fara nuna Scooby-Doo a CBS; a 1981 NBC ta ɗauko Schtroumpfs, ƴan shuɗɗan halittun da mai zane Peyo na ƙasar Beljiyam ya ƙirƙiro tun 1958.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Masu biyan kuɗin waɗannan shirye-shirye su ne masu sayar da ƙanzon hatsi mai sukari da alewa da kayan wasa, wato kwanon da ke hannun yaron nan na cikin hoto shi kansa sakamakon talla ne. Iyaye sun lura da haka tun da wuri. A 1968 wasu mata a kusa da birnin Boston, a ƙarƙashin jagorancin Peggy Charren, suka kafa ƙungiyar Action for Children's Television domin yaƙi da yawan talla a shirye-shiryen yara. Matsin lambar irin waɗannan ƙungiyoyi na daga cikin abin da ya sa tashoshin suka fara cusa ɗan abin ilimi tsakanin zane da zane, kamar gajerun waƙoƙin lissafi da nahawu na Schoolhouse Rock! da ABC ta fara a 1973. Da Ronald Reagan ya hau mulki a 1981, ya naɗa Mark Fowler shugaban hukumar kula da sadarwa, mutumin da ya kwatanta talabijin da na'urar gasa burodi wadda ta bambanta da sauran kawai don tana nuna hoto. Hukumar ta sassauta ƙa'idojin talla a 1984. A waɗannan shekaru ne aka yawaita shirye-shiryen da aka fara ƙera abin wasan kafin a ƙirƙiro masa labari, irin su He-Man na 1983 da Transformers na 1984, ta yadda shirin gaba ɗaya ya zama tallar rabin awa.

Abin lura a nan shi ne, shekarun da mafi yawan masu kewa ke kira zamanin tsarki su ne shekarun da kasuwa ta fi kutsawa cikin ɗakin yara. Wannan bai ƙaryata daɗin da yaron ya ji ba. Ya dai nuna cewa ba a cikin wani lambu mai katanga ya ji shi ba.

Wa ya kashe ta?

Hukuncin da aka yanke wa intanet ya yi kama da na wanda aka tarar tsaye kan gawa aka ce shi ya yi kisa. Idan aka jera shekaru, sai a ga mara lafiyar ya daɗe a kwance. Tashar Nickelodeon ta yara zalla ta fara aiki a 1979, ta Disney a 1983, Cartoon Network kuma a watan Oktoba na 1992. Duk gidan da ya ja wayar waɗannan tashoshi ya sami zane mai motsi kowace rana, safe da yamma, don haka Asabar ta rasa abin da ya bambanta ta da Talata. Kaset ɗin bidiyo ya ba yaro ikon kallon abin da yake so a lokacin da yake so, na'urorin wasan bidiyo kuma suka raba masa hankali biyu.

Doka ma ta sa hannu. A 1990 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar talabijin ta yara, wadda ta taƙaita talla zuwa minti 10 da rabi a kowace awa a ƙarshen mako, minti 12 kuma a sauran ranaku. A 1996 aka ƙara sharaɗin cewa kowace tasha ta nuna aƙalla awa 3 na shirin ilmantar da yara a mako. Riba ta ragu, sha'awar tashoshin ta bi ta. Tun a 1992 NBC ta janye zane mai motsi daga safiyar Asabar, ta maye gurbinsa da labarai da wasannin matasa. Dandalin YouTube kuwa sai a 2005 aka kafa shi, shekara 13 bayan wannan. Jerin zane na ƙarshe a manyan tashoshin kyauta, wanda tashar CW ke nunawa da sunan Vortexx, ya rufe a ranar 27 ga Satumba 2014. Intanet ta halarci jana'iza, ta kuma ci gado, amma ba ita ta fara haƙa kabarin ba.

Me ya sa to aka fi son ɗora mata laifin? Saboda labarin da ke da mugu guda ɗaya ya fi sauƙin faɗa, kuma ya fi sanyaya zuciya. Idan na'ura ce ta sace ƙuruciya, to babu wanda za a tambaya: ba ɗan kasuwa ba, ba ɗan majalisa ba, ba kuma uban da ya sayo wayar ya miƙa wa yaro don ya sami sararin kansa ba.

Ayyuka biyu a kan sikeli

Kalmar da Turawa ke kiran wannan kewa da ita ba tsohuwa ba ce sosai. Wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya haɗa ta a 1688 a birnin Basel, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin komawa gida da ciwo, domin bayyana cutar da ke kama ƴan Suwizalan da ke nesa da garuruwansu. Da farko kewar wuri ce. Daga baya ta koma kewar zamani, wanda ba shi da hanyar komawa. A littafinta na 2001, The Future of Nostalgia, Svetlana Boym ta raba kewa gida biyu: akwai mai son a sake gina jiya tubali bisa tubali, wadda ta ɗauki kanta a matsayin gaskiya tsantsa, akwai kuma mai tunani, wadda ta san cewa tuni yana da giɓi da ƙari, take kuma yin nazarin giɓin. Da wannan ma'auni za a iya auna ayyuka biyu na baya-bayan nan.

Na farko shi ne Saturday Morning All Star Hits!, shiri mai kashi 8 da ɗan wasan barkwanci Kyle Mooney da abokan aikinsa suka fitar a watan Disamba na 2021. An shirya shi tamkar tsohon kaset ne da wani ya naɗa daga talabijin a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, da dishi-dishin hoto da guntayen talla. Mooney ne ke fitowa a matsayin tagwaye masu gabatar da shirin, ɗaya ya yi suna ɗayan kuma hassada da baƙin ciki na cin sa. Zanen da suke gabatarwa ya yi kama da na wancan zamani ƙwarai, sai dai jaruman na fama da damuwar manya: kaɗaici, mutuwar soyayya, burin da bai cika ba. Ƙarfin shirin yana cikin kwaikwayon da ya yi daidai har mai kallo ya fara jin daɗin tuni, sannan a nuna masa ɗinkin da ke bayan rigar. Rauninsa kuwa shi ne ba ya magana sai da ƴan gida. Wanda bai taso gaban waɗannan tashoshi ba zai ga zane mara kyau da barkwanci mai sanyi, domin abin da ake yi wa ba'a ba ya cikin kansa. Wannan rauni kansa hujja ce: kewar nan tana da ƙasa, tana da shekarun haihuwa.

Na biyu shi ne fim ɗin Richard Linklater na 2022, Apollo 10½, wanda aka ɗauka da ƴan wasa sannan aka mayar da shi zane. Labarin wani yaro ne mai suna Stan, auta a gidan ƴaƴa shida a wata unguwar bayan garin Houston a 1969, shekarar da aka sauka a duniyar wata. Yaron na riya cewa hukumar NASA ta ƙera kumbo ya yi ƙanƙanta, sai ta ɗauke shi a asirce ya riga manya zuwa. Amma Linklater ya ajiye wannan labari gefe na dogon lokaci, ya shiga lissafa kayan ƙuruciya ɗaya bayan ɗaya: shirye-shiryen talabijin, wasannin titi, abincin makaranta, bulalar malamai, yaran da ke bin motar feshin sauro suna wasa cikin hayaƙin guba. Za a iya zargin fim ɗin da zama kundin kaya maimakon labari, kuma zargin na da ƙamshin gaskiya, domin yaƙin Biyetnam da talaucin baƙaƙen fata ba sa shigowa sai ta tagar labarai, su wuce. Abin da ya cece shi shi ne ƙarshensa. A daren saukar wata, barci ya kwashe Stan gaban akwatin. Da ake kai shi shimfiɗa, ɗaya daga cikin iyayen ya nuna damuwa ko yaron ya ga abin tarihin, ɗayan ya amsa da cewa ko bai gani ba, wata rana zai ɗauka ya gani. Da wannan fim ɗin ya amsa laifinsa da bakinsa, ya shiga sahun kewa mai tunani.

Akwai abin dariya da ya haɗa ayyukan biyu: dukansu a Netflix aka fitar da su, wato dandalin da ya ginu kan cewa kowa ya kalli abin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama. Mai sayar da maganin kewa shi ne mai cin ribar abin da ya haddasa ta.

Abin da masu kewa suka yi daidai a kai

Adalci ya wajabta a faɗi inda masu kewa suka dace. Safiyar Asabar ɗin nan tana da siffofi uku da suka yi ƙaranci a yau. Ta farko, ana jiran ta: kwana shida yaro na ƙirga ranaku, kuma jira kansa tarbiyya ce. Ta biyu, tana ƙarewa: idan rana ta take sai a sa wasannin motsa jiki ko shirin manya, yaro ya kashe akwati ya fita waje, ko ya zauna da gundura har ta haifa masa dabara. Ta uku, tare ake yin ta: miliyoyin yara na kallon abu ɗaya a sa'a ɗaya, ranar Litinin kuma su haɗu a farfajiyar makaranta da zance ɗaya a baki.

A nan ne bambancin waya yake na haƙiƙa. Allon salula ba ya sa a jira, ba ya ƙarewa, kuma kowane yaro da nasa kogin da na'ura ta zaɓa masa gwargwadon abin da ya riƙe idonsa jiya. Tallar da majalisa ta iya ƙayyade wa minti a 1990 ta narke cikin shirin kansa, ba a san inda ta fara da inda ta tsaya ba. Saboda haka damuwar iyaye da malamai ba ta banza ba ce. Kuskuren kawai shi ne a ɗauka cewa abin da aka rasa yana cikin akwatin. Yana cikin tsarin lokaci ne, kuma tsarin lokaci mutane ne ke yin sa.

Laraba a Faransa, Alhamis a tsangaya

Hujja mafi sauƙi cewa wannan kewa ba ta kowa ba ce tana Faransa. Dokar Jules Ferry ta 1882 ta ware rana ɗaya a mako, ban da Lahadi, domin iyaye su koya wa yara addini a wajen makaranta. Alhamis ce ranar har zuwa 1972, lokacin da aka mayar da ita Laraba. Safiyar Asabar kuwa yawancin yaran firamare a aji suke yin ta, har sai da aka soke karatun wannan safiya a 2008. Don haka Bafaranshen da ya taso da Récré A2, daga 1978 zuwa 1988, ko Club Dorothée, daga 1987 zuwa 1997, Laraba ce babbar ranarsa. Can ma ba a rasa masu suka ba: zanen Japan irin su Goldorak, wanda ya shigo a watan Yuli na 1978, ya tayar da ƙura, har Ségolène Royal ta wallafa littafi a 1989 tana kokawa da abin da ake nuna wa yara. Abin da manyan jiya suka kira guba shi ne manyan yau ke kira zuma.

Idan haka abin yake a Faransa, ina ga ƙasar Hausa? Makon yaron da ya taso a Maraɗi ko Tasawa ko Madawa a shekarun 1980 ba a kan Asabar yake juyawa ba. A makarantar allo Alhamis da Juma'a ne ranakun hutu, ana komawa karatu da yammacin Juma'a ko da safiyar Asabar. Wato safiyar da ɗan Amurka ke kira ta ƴanci ita ce safiyar da almajiri ke ɗaukar allonsa ya koma gaban malam. Lakol kuwa tsarin makon Faransa ta gada, kuma ɗalibai da yawa sun san Asabar a kan benci, da darasi ko da jarrabawar aji. Ranar da gari ke cika ya batse ita ce ranar kasuwa: Alhamis a Damagaram, Lahadi a Tawa, Litinin da Juma'a a Maraɗi. Lokacin nishaɗin yara kuma dare ne, ba safiya ba: tatsuniya a bakin kaka, wadda al'ada ta hana a yi ta da rana, gaɗa da langa a dandali idan akwai farin wata, tashe idan azumi ya kai kwana goma.

Ita kanta talabijin ta wata ƙofa dabam ta shigo Nijar. A 1964 aka fara gwajin talabijin ta makaranta da taimakon Faransa, inda ake watsa darussa zuwa wasu azuzuwan firamare, ɗaya daga cikin gwaje-gwaje na farko irinsa a Afirka. Wato yaron Nijar ya fara haɗuwa da akwatin ne a cikin aji, a matsayin malami, ba a falo a matsayin ɗan talla ba. A kan wannan harsashi aka gina Télé Sahel a ƙarshen shekarun 1970. A zamanin Seyni Kountché an girke akwatunan kallo na jama'a a unguwanni da ƙauyuka, wasu na aiki da hasken rana, kuma da maraice ake taruwa, yara a gaba bisa rairayi, manya a baya. Wasannin kwaikwayo na Hausa, irin na ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram, su ne abin da ake kwana ana maimaitawa. Kafin wannan ma akwai ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa tun 1962, inda ake saurare tare a tattauna tare. Daga baya gidajen kallon bidiyo suka zo da fina-finan Indiya da na Kano, yaro ya biya ƴan daloli ya zauna cikin tsararsa. Duk siffofi ukun nan, jira da iyaka da tarayya, suna nan cikin wannan tarihi, har sun fi ƙarfi, domin ɗan Amurka shi kaɗai yake a falo ko da ƴan'uwansa, ɗan Nijar kuwa kafaɗarsa na gugar ta maƙwabcinsa.

Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya ari kewar wani ya yi asara biyu: bai sami ƙuruciyar Amurka ba, ya kuma bar tasa ba a rubuta ba. Hoton yaro da kwanon madara yana da dubban masu zana shi da kamfanonin da ke adana shi. Motar kara da ƴar tsanar ƙashi da wasan dandali ba su da kowa sai waɗanda suka yi su, kuma waɗannan suna tsufa.

Darasin Camara Laye

Sai dai a yi hattara, kada a tsere wa zumar wani a faɗa cikin ta gida. Duk malamin Faransanci ya san abin da ya sami L'Enfant noir, littafin da Camara Laye ya wallafa a 1953 kan ƙuruciyarsa a Kurusa ta ƙasar Gini. Littafi ne mai daɗin harshe da taushin zuciya, amma Mongo Beti na Kamaru ya caccake shi a mujallar Présence Africaine a tsakiyar shekarun 1950, yana tuhumar marubucin da zana Afirka mai launin fure alhali mulkin mallaka na danne mutane. Ko an yarda da zafin Beti ko ba a yarda ba, tambayarsa na nan daram: wa aka bari a wajen hoto?

Wanda zai rubuta ƙuruciyar ƙasar Hausa kafin intanet dole ya sa wannan tambaya gabansa. Hausa da kanta ta ba da mabuɗi, domin kalma ɗaya take amfani da ita ga abu biyu: talla. Yaron Amurka talla ake yi masa ta akwati. Yarinyar Maraɗi ita ke ɗauke da talla a kai tun hantsi, ranar Asabar da sauran ranaku, yayin da ɗan'uwanta ke lakol. Yaron karkara yana bayan awaki ko yana gona. Waɗanda suka yi ƙuruciya a farin 1973 zuwa 1974, ko na 1984 zuwa 1985, suna da abin tunawa da ba ya shiga hoton ajiyar zuciya, haka ma waɗanda yajin aiki da rufe makarantu na shekarun 1990 suka cinye wa shekarun karatu. Har yau waɗanda ke da wutar lantarki a gida ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar ƙasar ba, don haka yara da yawa suna zaune ne a zamanin da ya gabaci intanet, ba don sun zaɓa ba. Yi musu waƙar daɗin rashin intanet daga ɗaki mai fanka da waya a hannu rashin kunya ne.

Kammalawa

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma sau da yawa kewar ƙuruciya ƙorafi ne kan yau da aka sanya wa tufafin jiya. Ƙorafin na da tushe, amma maganinsa ba ya baya. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Waɗannan yara ba su da jiyan da za su yi kewa, yanzu ne ake ƙera musu abin da za su tuna. Idan abin da ya ba safiyar Asabar daraja shi ne lokaci ƙayyadadde da ake jira tare, to wannan abu ne da makaranta da ƙungiyar al'adu da gidan matasa za su iya samarwa ba tare da jiran wani kamfani ba: sa'a guda da ba ta sauyawa kowane mako, a wuri guda, ta tatsuniya ko wasan kwaikwayo ko karatu a bayyane ko kallon fim tare da tattaunawa, wadda za ta fara a kan kari ta kuma ƙare a kan kari.

Akwai kuma aikin adanawa. Ɗalibin da aka aika ya tambayi kakarsa yadda makonta yake tana ƴar shekara goma, ya naɗi muryarta da wayar nan da ake zargi, ya rubuta da Hausa ya kuma fassara da Faransanci, ya yi darasin harshe da na tarihi a zama ɗaya, ya kuma ceto abin da babu wani dandalin ƙetare da zai ceto. Tsofaffin kaset na rediyo da talabijin na ƙasa, masu ɗauke da wasannin da suka tara jama'a a dandali, suna buƙatar irin wannan kulawa kafin zafi da ƙura su gama da su. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayar abin da yara za su kalla su kuma saurara cikin wannan harshe ta tashi daga sha'awa ta koma nauyi.

Stan na Linklater ya yi barci, amma zai girma yana ɗauka ya ga saukar wata. Hatsarin da ke gaban Bahaushen Nijar ya fi wannan girma: ya girma yana ɗauka ya ga safiyar Asabar ta wani, ya manta da daren dandalin da idonsa biyu ya gani.